Wa Aka Tambaya? Mata da Labarin Yaƙi, Daga Gudu Zuwa Jabo

A watan Fabrairun 1804, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu, cikin ayarin akwai 'yarsa Asma'u, tana da kimanin shekara 11 a duniya. Ba ta ɗauki baka ko kwari ba, amma tana cikin sansani duk lokacin da maza suka fita, tana nan kuma lokacin da suka komo, ko aka komo da labarinsu. Tana nan aka yi murnar Tabkin Kwatto, tana nan aka yi makokin Tsuntsuwa inda aka rasa ɗimbin mahaddata Alƙur'ani. Ta sha yunwar da ta bi jama'a har cikin ƙasar Zamfara. A 1805 aka sauka Gwandu, shekarar da aka ci Birnin Kabi, aka kuma ji jiki a Alwasa. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Ke nan ƙuruciyar Asma'u gaba ɗaya a bakin yaƙi ta yi ta.

Maza sun rubuta tarihin wannan yaƙi, sun kuma rubuta shi da kyau. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahin Gwandu ya biyo da Tazyinul Waraƙati a 1813. Abin da ba kasafai ake samu a tarihin yaƙe-yaƙen duniya na wancan zamani ba shi ne a ce mace ta zauna ta rubuta nata, kuma a nan an samu. Bayan rasuwar Bello a 1837, Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo suka duƙufa tattara labarin jama'ar Shehu. Ta tsara doguwar waƙa da Fulatanci tana bin hijira zango-zango, wadda daga baya ƙaninta Isa ya mayar Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye. Ta yi wata a kan yaƙin Gawakuke na 1836. Ta yi marsiyoyi ga mata, 'yan'uwanta da aminanta da almajiranta, tana ambaton sunan kowace da aikin da ta yi wa jama'a, har da waɗanda ba 'ya'yan kowa ba.

Rubutun ma bai ishe ta ba, sai da ta sama masa hanya. Ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, a ɗora wa kowace malfa da jan rawani, su riƙa jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa gidanta. Tsofaffi da 'yan mata ne ke yin tafiyar, domin matan aure na gida da hidima. Su haddace waƙa, su koma su rera ta a tsakar gida, wadda ba ta je ba ta ji daga bakin wadda ta je. Da haka labarin abin da ya faru a Gudu da Alwasa ya shiga ɗakunan da littafin Larabci ba zai taɓa shiga ba. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Sai dai a faɗi gaskiya, muryar Asma'u muryar gidan da ya yi nasara ce. Matan Gobir da na Kabi da aka kamo a waɗannan yaƙe-yaƙe aka raba su gidaje, suna cikin waɗanda aka yi wa waƙoƙin domin a karantar da su, amma su ba su bar mana tasu waƙar a rubuce ba. Daga wannan gefen filin daga an ji mace ɗaya mai girma, daga wancan gefen shiru. Ina ganin duk mai son fahimtar abin da ya biyo baya, daga nan ya kamata ya fara.

Bayan shekara 42 da rasuwar Asma'u, a watan Fabrairun 1906, talakawan Satiru, wani ƙauye kudu da birnin Sakkwato, suka tayar wa Turawa, suka kashe uku daga cikinsu da sojoji baƙar fata da dama. Ran 10 ga Maris rundunar da aka turo ta isa garin da manyan bindigogi. Masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum wajen 2,000, aka kuma kora mata da yara wajen 3,000 aka raba su. Garin bai sake tashi ba. Labarin ya isa Landan ta wayar tangaraho, daga Razdan Burdon zuwa Gwamna Lugga, daga shi zuwa ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, jaridun Ingila suka ɗauka daga nan. A waɗannan takardu matan Satiru adadi ne kawai. Su ne suka tsira da rai, su ne suka ga komai daga farko har ƙarshe, su ne kaɗai za su iya cewa wane ya faɗi a ina, amma an ƙidaya su aka wuce. Wannan salo na ƙidaya mace ba tare da an tambaye ta ba ya zauna daram a aikin jarida, har yau bai tashi ba.

An ɗan samu abin da ya saɓa wa haka a ƙasar Zazzau. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa, wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta yi makonni tana zama da wata tsohuwa da ake kira Baba, haifaffiyar Karo a wajajen 1877. Mijin ba shi da damar shiga cikin gida, matar kuwa tana da ita, wannan ne kaɗai dalilin da ya sa muka samu littafin. Baba ta ba da labarin hare-haren kamun bayi na ƙuruciyarta: yadda mahaya ke auka wa mutane a rinji ko a gona, yadda aka kama mata da yara daga danginta, yadda aka yi ta bin sawu ana ciniki ana tara wuri har aka fanso waɗanda aka samu fansowa. Ta faɗi wa ya yi kuka, wa ya yi bashi, wace ce ta dawo, wace ce ba a sake jin ɗuriyarta ba. Wanda ya karanta wannan a yau, sa'annan ya saurari wata uwa daga Sabon Birni tana lissafa abin da aka sayar aka haɗa kuɗin fansa, jikinsa zai yi sanyi, domin wuri ne kawai ya koma naira. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, da Turanci, harshen da ita da maƙwabtanta ba su ji.

Jaridar Hausa ta riga wannan littafi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, kuma kafin shekara ta ƙare yaƙin Hitila ya ɓarke. Jaridar ta yi ta kawo labarin fagen fama, da na sojojinmu da aka kai Gabashin Afirka da ƙasar Bama. Masu karatun boko a cikin mata a lokacin ba su taka kara sun karya ba, tunda makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su. Saboda haka masu rubutawa maza, masu aiko da wasiƙu maza, masu karantawa a zaure maza. Matar sojan da ta shekara uku tana jiran wanda ba ta san ko yana raye ba, ba ta da shafi.

Rediyo ne ya tsallake zaure ya shiga cikin gida ba tare da sallama ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Matan karkara suka zama manyan masu saurare, akwatin na rataye a gindin turmi ko a bakin murhu. Ta nan suka bi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta nan suka ji rikicin Maitatsine na Kano a 1980. Da mata suka fara shiga aikin, sai aka riƙa tura su filin mata da na yara da na kiwon lafiya da zaɓen waƙoƙi, labarin yaƙi da siyasa kuwa aka bar wa maza. Waɗanda suka keta wannan shinge da ƙwazonsu suka keta shi. Hajiya Bilkisu Yusuf ta zama editar Sunday Triumph a Kano a shekarun 1980, daga nan ta riƙe New Nigerian a Kaduna, sannan mujallar Citizen, ta kuma ba da shekaru masu yawa ga aikin sasanta Musulmi da Kirista har Allah ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina na 2015. Jamilah Tangaza ta shugabanci Sashen Hausa na BBC. Waɗannan nasarori ne na gaske. Amma mace a kujerar edita a Kaduna ko Landan abu ɗaya ne, mace a ƙauye da aka miƙa wa makirufo wani abu ne daban, kuma na biyun ya fi wuyar samuwa.

Matsalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Akwai wani bincike da ake yi duk bayan shekara 5 tun 1995, inda ake ɗaukar rana ɗaya a duba labaran ƙasashe masu yawa a ƙidaya su wa aka ji, su wa aka ambata. A karon farko mata kashi 17 cikin 100 suka samu. A 2020, bayan kwata na ƙarni, suka kai kashi 25. A tsakani, cikin Oktoban 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce a riƙa damawa da mata a sha'anin yaƙi da sulhu. An yi taruka da yawa a kansa a otal-otal na Abuja. Abin da ya fi koya mana darasi, a ganina, daga dajin Sambisa ya fito.

Daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Duniya ta ɗauka, kuma mata ne suka hana maganar mutuwa: Hadiza Bala Usman da Oby Ezekwesili da Aisha Yesufu da sauransu suka yi ta zama a dandalin Unity Fountain rana bayan rana. Shekara uku masana da jami'ai da 'yan sharhi suna bayanin yadda Boko Haram ta tsara satar da manufarta. Ashe wasu daga cikin 'yan matan suna rubuta abin da ke faruwa da su a ɓoye, cikin littattafan rubutu da aka ba su don karatu, suna binnewa ko su ɗaure a jiki. Da aka sako 82 a watan Mayun 2017, wasu littattafan suka fito tare da su, 'yar jarida Adaobi Tricia Nwaubani ta wallafa abin da ke ciki a watan Agusta. Bisa ga abin da suka rubuta, maharan sata suka zo yi, suna neman abinci da injin buga bulo, kuma sai da suka yi gardama a tsakaninsu a kan yadda za su yi da ɗaliban kafin su tafi da su. Wato babban labarin da duniya ta fi sani daga Najeriya a wannan ƙarni, tushensa bai fito daidai ba sai da aka ji daga bakin masu shi.

A Maiduguri kuma matan da aka tsare mazansu a barikin Giwa bayan sun tsero daga yankin Bama suka haɗa kansu cikin ƙungiyar Knifar, da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin. Ba su jira ɗan jarida ba. Suka zauna suka tattara sunayen mazansu da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka raba su, suka kai ƙorafi gaban hukuma, suka kuma faɗi abin da ake yi wa mata a sansanoni kafin a ba su abinci. Rahoton Amnesty na 2018 ya dogara ƙwarai da shaidarsu. Jaridar HumAngle, da Ahmad Salkida ya kafa a 2020, ta riƙe maganarsu ta ƙi saki. Daga 2021 aka fara sakin wasu mazan rukuni-rukuni. A wannan tsakani ne ma, a 2016, BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, kuma labarin da ya zo na ɗaya a karon farko, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar sansanin 'yan gudun hijira yake. Da aka ce wa mata ga fili, abin da suka fara kawowa ke nan.

Yayin da hankali ke Arewa maso Gabas, wutar Zamfara na ci. Satar shanu da ramuwar 'yan sa-kai suka rikiɗe suka zama kisan gari guda, kamar na 'Yargaladima a Afrilun 2014, wata ɗaya da Chibok, wanda duniya ba ta ko waiwaya ba. A Yulin 2018 abin ya faɗo Sakkwato da ƙarfi, aka kashe mutane da dama a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka cika garin Gandi. A Afrilun 2019 'yar jarida Kadaria Ahmed, 'yar asalin Zamfara, ta ajiye matsayinta na mai gabatar da shiri ta fito kan titin Abuja tare da masu zanga-zanga, ta soki gwamnan jiharta da kakkausar murya.  Ni dai abin da na gani shi ne, kisan da aka yi shekaru ana yi bai hau kanun labaran Legas yadda ya kamata ba sai a wannan mako. Daga wannan shekara kuma dubun-dubatar mutanen Sabon Birni da Isa da Zurmi da Jibiya suka tsallaka jihar Maradi ta Nijar, mafi yawansu mata da yara.

Shekarar 2021 ita ce ta fi nuna yadda ake ɗaukar labarin. Ran 26 ga Fabrairu aka sace 'yan matan makarantar Jangebe, ran 2 ga Maris aka sako 279. Aka kai su gidan gwamnati a Gusau, aka sa musu hijabai iri ɗaya, aka jera su gaban kyamara, manya suka yi jawabi. Washegari da aka mayar da su Jangebe, iyaye na ƙagare su karɓi 'ya'yansu su kama hanyar ƙauyukansu kafin duhu, domin sun san abin da ke kan hanyar, jami'ai kuwa na ta jawabi. Haƙuri ya ƙare, aka yi jifa, jami'an tsaro suka yi harbi, aka jikkata mutane. Hoton 'yan matan ya zaga duniya, abin da ke bakinsu kuwa kaɗan ne ya fita. A watan Yuni aka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Aka yi ta sako ɗalibai kashi-kashi har saura 'yan mata 11, labarin ya yi sanyi, iyayensu suka zauna da abin su kaɗai suna sayar da gonaki suna neman taimako. Sai a 2023 suka dawo, wasu da goyo. A Oktoba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. A Disamba aka ƙona motar matafiya a kusa da Gidan Bawa ta Sabon Birni, kuma cikin 'yan kaɗan da suka fita da rai akwai wata mata da ta ba da labari daga gadon asibiti yadda ta rasa 'ya'yanta da mahaifiyarta a cikin wutar. Muryarta na cikin abin da ya fitar da matasa zanga-zanga a biranen Arewa a wannan mako, ba sanarwar kowane kakaki ba.

A daidai wannan lokaci kuma aka buɗe wa 'yan bindiga makirufo. Sheikh Ahmad Gumi ya shiga daji a farkon 2021, kyamarori na biye da shi. A ƙarshen shekarar Abdulaziz Abdulaziz na Daily Trust ya je har wurin jagoran 'yan bindiga Bello Turji. A 2022 Trust TV da BBC kowanne ya fitar da shiri mai tsawo, hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5. Ba na cikin masu cewa kada a ji ta bakin ɗan bindiga. Aiki ne mai haɗari, ya kuma bayyana abubuwan da gwamnati ba ta so a sani. Amma a duba sakamakon: yau yaro a Legas ya san sunan Turji da Dogo Giɗe da Ado Aleru, ya san fuskarsu da ƙorafinsu, alhali matan da suka mayar zawarawa ana kiran su "mata da ƙananan yara", jimla ɗaya. In mace ta fito a labarin da sunanta da fuskarta, galibi 'yan sanda ne suka yi holin ta, an ce tana kai wa daji fetur ko burodi ko harsashi, ko an ce infoma ce. Ko kuma, kamar matan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace a Maris na 2022, ta yi magana a bidiyon da masu garkuwa suka ɗauka, bindiga na bayanta. Matan Fulanin daji kuwa, waɗanda 'yan sa-kai suka ƙona wa ruga, jirgi ya jefa wa bam, 'yan bindiga kuma suka ƙwace wa shanu da 'ya'ya, su ne aka fi kowa rashin ji.

Wanda ya san yadda ake haɗa rahoto ba zai yi mamaki ba. Wakili yana zaune a Sakkwato ko Gusau, hanya ba ta biyuwa, kuɗin mota babu, in wani abu ya same shi ba mai ɗaukar nauyin iyalinsa. Sai ya ɗauki waya. Lambar da ke hannunsa ta kansila ce, ko ta mai gari, ko ta shugaban 'yan sa-kai, ko ta wani malamin makaranta, shi ne za a ji an ce "wani mazaunin garin da ya nemi a sakaya sunansa". A gidaje da yawa na karkara wayar ɗaya ce, tana aljihun maigida. Da gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato a Satumban 2021, wannan 'yar ƙofar ma ta toshe, sai wanda zai iya hawa babur ya je inda akwai sabis, wato namiji. In kuma wakilin ya samu zuwa, iyakarsa zaure. Matar da aka kashe wa miji tana ciki ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, kafin ta fita labarin ya tsufa. Rahoton minti uku ne: adadin mamata, kakakin 'yan sanda, ta'aziyyar gwamna.

Akwai shirun da ya kamata a girmama. Wadda aka yi wa fyaɗe a daji ta san in muryarta ta fita a rediyo, gobe kishiya da dangin miji da masu neman 'yarta duk sun gane ta. Wadda ƙauyenta ke biyan haraji ga 'yan bindiga ta san su ma suna sauraren rediyo. Tilasta wa irin waɗannan magana, ko nuna fuskarsu don a jawo masu kallo, zalunci ne a kan zalunci. Sai dai wannan hujja ce ta a aika mace 'yar jarida mai haƙuri, a ba ta kwanaki, a ɓoye suna a sauya murya. Ba hujjar a daina tambaya ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai ɓangaren lissafin yaƙin nan da mata kaɗai ke riƙe da shi: buhu nawa aka bari a rumbu, akuya nawa da gado da kwanukan jere aka sayar don fansa, wace ce ta haihu a hanya, yaro nawa tamowa ta kama bayan an bar gona. Asibitocin da Likitocin Na Gari Na Kowa ke gudanarwa a Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi cike suke da iyaye mata da za su iya faɗin ranar da aka tashi garinsu da abin da suka ci tun daga ranar.

Kudancin Sakkwato ya daɗe yana jin abin daga nesa, amma Kebbe da Tureta na maƙwabtaka da Zamfara, sannu a hankali hare-hare suka gangaro, mutanen ƙauyuka suka fara kwana a hedikwatar ƙaramar hukuma. Ta arewa maso yamma kuma sai ga mayaƙan Lakurawa, waɗanda hedikwatar tsaro ta sanar da su a Nuwamban 2024. Ranar Kirsimetin wannan shekara jirgin sojan Najeriya da ke farautarsu ya yi sanadin mutuwar mutum 10 a Gidan Sama da Rumtuwa ta Silame. A Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi, a daidai lokacin da Shugaba Donald Trump ke barazanar kawo hari Najeriya bisa zargin ana yi wa Kiristoci kisan gilla.

Daren Alhamis 25 ga Disamban 2025, mutanen Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, a kudancin Sakkwato, suka ji ƙara mai girgiza gini, sama ta yi ja, wani abu ya faɗo a gona a gefen gari. Ba su san ko mene ne ba sai da Trump ya sanar a shafinsa cewa Amurka ta kai wa mayaƙan ISIS hari a Arewa maso Yammacin Najeriya. Ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya ce da sanin Najeriya da bayananta aka yi. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce dajin Bauni na Tangaza aka nufa, can arewacin jihar kan iyakar Nijar, ɓaraguzai ne suka faɗo a Jabo da Offa ta jihar Kwara, kuma ba a rasa farar hula ba. Kafin sallar Juma'a sunan Jabo ya shiga bakin duniya, 'yan jaridar gida da na waje suka cika garin. Mutanen gari suka ce su ba su san ISIS a yankinsu ba, suna zaune lafiya da kowa. An ji shugabanni da janar-janar da masu sharhi a Washington da Abuja, an ji ɗan majalisa da masu sarauta da manoma. Hotunan da suka fita na maza ne da yara a tsaye a bakin ramin, wasu na tsintar ƙarafa. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ji ta bakin wata budurwa da ake shirin bikinta, ta ce fargaba ta hana ta tunanin auren, danginta na cikin tsoro, ita ma ba ta san ko za a iya yin bikin a garin ba. Wannan 'yar magana tata ta bayyana abin da harin ya yi wa Jabo fiye da dogon sharhin da aka yi ta yi a talabijin, kuma irinta ba ta yi yawa ba a rahotannin wannan mako.

Inda ƙarfen ya faɗo ba shi da nisa da ƙaramin asibitin garin, rahotanni da dama sun ambaci haka a matsayin ma'aunin tazara. Masu zuwa irin wannan asibiti galibi mata ne: masu awon ciki, masu kawo jarirai rigakafi, masu naƙuda da ake kawowa cikin dare a kan babur, da ungozoma da ma'aikatan jinya da ke kwana a wurin. Duk editan da ya tura wakili Jabo da ya ce masa ya wuce bakin ramin ya shiga asibitin, ya tambayi mai duba masu ciki mata nawa suka zo awo a makon da ya biyo baya, nawa kuma suka gwammace su haihu a gida.